Daga Wardi Zuwa Gonar Gyaɗa: Tafiyar Kalmar Rosette

Tsofaffin manoman gyaɗa a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau ba su manta da daminar 1975 ba. Shuka ta fito lafiya, sai a tsakiyar damina ta tsaya cak. Ganye ya ƙanƙance ya murɗe, reshe ya ƙi miƙewa, kowane gindi ya dunƙule wuri guda kamar an naɗe shi da hannu. Da kaka ta yi aka tuge, babu 'ya'ya a ƙasa. Manoma suna ce wa wannan ciwo kuturtar gyaɗa, kuma duk wanda ya ga gonar da ta kamu ya san dalilin sunan. A takardun masana aikin gona kuwa sunan ciwon rosette, wadda ake furtawa rozet, kalmar Faransanci da ainihin ma'anarta 'yar ƙaramar wardi ce. Tun ranar da na fahimci haka nake son sanin yadda sunan fure mai ƙamshi ya yi tafiya har ya sauka a kan annobar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa.

Kalmar gida biyu ce. Akwai rose, wato furen wardi, sai ɗafin ƙarshe na ette, wanda Faransawa ke liƙa wa suna idan suna nufin ƙaraminsa, kamar yadda mu muke cewa ɗan tebur ko 'yar jaka. Bahaushe ya daɗe yana furta wannan ɗafi bai sani ba. Kaset ɗin da muka sha wa'azi da waƙa a cikinsa, asalin ma'anarsa ɗan ƙaramin akwati. Dogon burodin nan da ake sayarwa a Yamai da Maraɗi, baget, ma'anarsa 'yar sanda. A tsohon Faransanci na tsakiyar zamani rosette ba ta wuce ƙaramin fure na gaske ba, mai ƙaya da ƙamshi. Daga baya ne aka fara kiran abin da aka yi da hannu cikin siffar furen da wannan suna, kuma da wannan ma'ana ta biyu Ingilishi ya aro ta, ta zauna a cikinsa a ƙarni na 18.

Rose ɗin kanta daga Latin take, inda ake cewa rosa. Mafi yawan masana tarihin harsuna suna danganta ta da rhodon ta Girkanci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsohuwar siffar kalmar Girkancin, domin da harafin wa take farawa, wrodon, kafin harafin ya faɗi a bakin mutanen Atina. Akwai shaidar wannan a allunan yumɓu da aka tono a fadar Pylos a kudancin Girka, waɗanda aka rubuta wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Allunan lissafin kayan fada ne, kuma a ciki an ambaci man zaitun da aka ƙamsasa da wardi, da kalma mai farawa da wannan wa ɗin. Daga nan sawun ya nufi gabas, zuwa tsoffin harsunan Iran, inda ake da kalma mai kama da warda da ke nufin fure. Armeniyawa suka ɗauka suka ce vard. Masu magana da Aramaik suka ce warda. Larabawa suka ce ward, guda ɗaya kuma warda. Mu kuma muka karɓa daga Larabawa, ta hanyar littafi da fatauci, muka ce wardi.

Ashe ke nan wardi da rose 'yan gida ɗaya ne da suka rabu tun da daɗewa, ɗaya ya bi ta Girka da Rum ya shiga Turai, ɗaya ya bi ta ƙasar Larabawa ya ƙetaro Sahara. Mai sayar da turare a kasuwar Kurmi idan ya miƙo kwalba ya ce wannan wardi ne, kalmar da ke bakinsa ta fi ta Bafaranshe kusa da asali, domin shi bai yar da wa ɗin ba, bai kuma yar da da ɗin ba.

Su mutanen Iran ɗin ma ba su riƙe ta yadda take ba. A Farisanci akwai wani sauyi da ya mayar da wa na farkon kalmomi da yawa zuwa ga, ya kuma narkar da r da d suka koma l, sai warda ta zama gul. Daga gul aka sami Gulistan, lambun wardi, sunan littafin da Sa'adi na Shiraz ya kammala a 1258, aka kuma sami gulab, ruwan wardi. Larabawa suna da nasu sunan na ruwan, ma'ul ward, kuma daga nan laƙabin Al-Mawardi ya fito, malamin Bagadaza da ya rasu a 1058, marubucin Ahkamus Sulɗaniyya da malamanmu na zaure suka sani sarai. Sana'ar gidansu ce ta bi shi. Kalmar warda ta zo sau ɗaya a Alƙur'ani, a aya ta 37 ta Suratur Rahman, wajen siffanta jan da sama za ta yi ranar da za ta tsage. Akwai kuma abin da ya kamata a kiyaye: wuridin da ake ja bayan salla yana da baƙaƙe iri ɗaya da wardi a rubutun Larabci, wawun da ra da dal, amma ma'anarsa daga zuwa mashaya take, ba ta da alaƙa da fure.

Wannan tarihin sunan ke nan. Tarihin zanen kansa ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi.

A ƙarshen shekarun 1920 Bature mai tonon kayan tarihi Leonard Woolley ya buɗe kabarin wata sarauniya mai suna Puabi a tsohon birnin Ur, a kudancin Iraƙi ta yau. An binne ta wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. A kanta akwai adon zinariya, kuma a ƙololuwarsa furanni ne na zinariya a tsaye, kowanne da cibiya a tsakiya da fallaye kewaye da ita. A ƙasar Mesofotamiya wannan alama, musamman mai falle takwas, ta abar bautarsu ce da Sumeriyawa ke kira Inanna, mutanen Babila kuma Ishtar, wadda suke dangantawa da tauraruwar Zahra. Saboda haka zanen yakan tsaya tsakanin fure da tauraro, har wani lokaci ba ka iya cewa wanne mai sassaƙar ya nufa. Sarakunan Assuriya na ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, irin su Ashurnasirpal na biyu, an sassaƙa su a bangon fadar Nimrud sanye da warwaro a wuyan hannu mai wannan fure a tsakiya. Wanda ya ga hoton a karon farko zai rantse agogo ne.

Mafi shahara ita ce Ƙofar Ishtar ta Babila, wadda Sarki Nebukadnezzar na biyu ya gina wajen shekara 575 kafin haihuwar Annabi Isa, da tubalin da aka gasa aka shafe da shuɗi mai ƙyalli. Jamusawa ƙarƙashin Robert Koldewey suka tono ta a farkon ƙarni na 20, suka kwashe gutsattsarin zuwa Balin, aka sake harhaɗa ta a gidan tarihi na Pergamon. Idon mai kallo yakan tafi kan bijimai da dodanni na jikin ƙofar da zakokin da ke bangon hanyar shiga, amma a ƙarƙashinsu da gefensu akwai dogayen layuka na fararen furanni masu cibiya rawaya, ɗaya bayan ɗaya. A Persepolis, fadar da Dariyus na Farisa ya fara ginawa, irin su ne masu falle goma sha biyu suka yi wa sassaƙen matakala iyaka. A Masar ma akwai fure irin wannan kusa da siffar sarki a allon Sarki Narmer, wanda ya kai shekara dubu biyar.

To ga abin da na ɗauka shi ne zuciyar maganar: babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake wardi. Wardin daji falle biyar gare shi, kuma wardin lambu mai cunkoson fallaye ba ya shimfiɗuwa ya zama faifai irin wannan. Furannin Babila da Persepolis masu falle takwas ne, ko goma sha biyu, ko goma sha shida, sirara, a jere kamar tsirkiyar rana. Sun fi kama da ƙananan furannin daji masu farin falle da rawayar cibiya, ko kuma furen bado idan an leƙo shi daga sama. Waɗanda suka sassaƙa su ba su taɓa jin kalmar rosette ba, domin harshen da zai haife ta ma bai wanzu ba tukuna. Turawan ƙarni na 18 da na 19 ne, da suka shiga tono da auna tsoffin gine-gine, suka buƙaci suna guda na duk wani ado mai cibiya da fallaye a kewaye, sai suka miƙa hannu ga furen da ya fi cika musu ido a lambunansu da waƙoƙinsu. Sunan ya fi ba mu labarin masu raɗa shi fiye da abin da aka raɗa wa.

Hujjar wannan tana wajen Larabawa da Farisawa, waɗanda suka kalli siffar nan ɗaya suka ga wani abu dabam. Babban adon da'ira da ake zanawa da ruwan zinariya a shafin farko na manyan littattafai, shamsa suke ce masa, daga shamsu, rana. Kayan kiɗansu mai tsirkiya da ake kira ud yana da tagar katako da aka huda da ado a cikinsa don sauti ya fita, babbar ana ce mata shamsiyya, ƙananan kuma ana danganta su da ƙamar, wato wata. Da wannan kayan kiɗa ya shiga Turai ta Andalus ya zama lute, sai tagar ta koma rose a bakin Turawa, kuma har yau zoben adon da ke kewaye da ramin jita rosette ake kiransa. Abu ɗaya ne, wani ya ga rana, wani ya ga fure. Haka manyan tagogin da'ira na majami'un Faransa, irin na Notre-Dame ta Paris da aka yi a tsakiyar ƙarni na 13, masu faɗin kusan mita 13, waɗanda suka tsira daga gobarar 2019. Irin waɗannan tagogi an daɗe ana kwatanta su da ƙafar keken doki mai sanduna kafin sunan wardi ya rinjaya.

Mai tambaya zai ce me ya sa siffar ta bazu haka, daga Iraƙi zuwa Masar zuwa Girka, har wuraren da ba su taɓa haɗa hanya ba. Wani ɓangare na amsar fatauci ne da kwaikwayo. Amma ina ganin babban ɓangaren yana cikin akwatin lissafin da aka saya mana muna firamare. Duk yaron da ya taɓa wasa da kamfas ya san wannan: ka zana da'ira, ba tare da ka sauya buɗin kamfas ba ka kafa tsininsa a bakin da'irar ka ja baka, ka matsa inda bakan ya yanke ka sake ja. Sau shida za ka yi ka dawo inda ka fara daidai, kuma ga fure mai falle shida ya fito a gabanka ba ka nufe shi ba. Na cika bangon littattafaina da shi kafin in san yana da suna. Dalilin kuwa shi ne rabin faɗin da'ira, idan aka auna shi a miƙe daga baki zuwa baki, yana taka kewayenta sau shida cif. Masassaƙi da igiya da ƙusa biyu zai gano haka a ko'ina yake a duniya, ba ya buƙatar malami daga Babila. Ta wannan ƙofa ce magina da masassaƙan Musulmi suka shiga suka yi nisa, suka riƙa raba da'ira gida takwas da goma da goma sha biyu, har aka sami taurarin nan masu sarƙaƙiya na mumbarorin Alƙahira na zamanin Mamluk, waɗanda littattafan Turai su ma suke kira da wannan suna na Faransanci.

A nan gida, wurin da na fi ganin dangin wannan ado shi ne Alƙur'anin hannu. Alaramma idan yana rubutu yakan raba aya da aya da ɗigo uku a haɗe, ya sa kumsa a kan aya ta biyar, ya sa kuri mai da'ira a kan ta goma, sannan a gefen shafi ya zauna ya ƙawata alamar hizbi da ja da rawaya, da'ira cikin da'ira. Masu tsara bayanin rubutattun littattafai a Turai, idan suka zo kan alamomin raba ayoyi masu siffar fure a tsoffin mus'hafai, rosette suke rubutawa. Mai zayyana a tsangaya ba ya tunanin wardi lokacin da yake wannan aiki. Lissafin ayoyi yake tsarewa, yana kuma girmama abin da yake rubutawa.

A Turai kalmar ta sami wata rayuwa a jikin tufafi. Tun ƙarshen ƙarni na 16 masu hali a Ingila da Faransa suna ɗaura ƙullin ƙyallen siliki mai siffar fure a kan takalma. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya mayar da irin wannan ƙulli alamar siyasa, inda aka haɗa shuɗi da ja na birnin Paris da fari na gidan sarauta aka maƙala a hula. A 1802 Napoleon ya kafa lambar girmamawa ta Légion d'honneur, kuma daga baya aka tsara cewa wanda ya kai matakin hafsa a cikinta zai riƙa sa ɗan jan maɓalli na ƙyalle a wuyan kwat. Idan Bafaranshe ya ce wane ya sami rosette, ba sai ya ƙara bayani ba. A Birtaniya kuwa ta zama kayan zaɓe: daren ƙidayar ƙuri'a za ka ga 'yan takara a jere, na jam'iyyar Leba da ja a ƙirji, na Kwanzabatib da shuɗi. A gasar dawaki ma ita ake ɗaura wa dokin da ya yi nasara, ja ga na ɗaya a Birtaniya, shuɗi a Amurka.

Akwai wani wuri da sunan ya shiga bisa kuskuren kunne. Dutsen nan da sojojin Faransa suka tsinta a Masar a watan Yulin 1799, mai ɗauke da wata doka ta shekara 196 kafin haihuwar Annabi Isa cikin rubutu iri uku, wanda ya ba wani masani mai suna Champollion mabuɗin karanta rubutun Fir'aunoni a 1822, ana kiransa dutsen Rosetta, Faransawa kuma suna cewa na Rosette. Babu fure a labarin ko kaɗan. Garin da aka same shi sunansa Rashid, a bakin reshen yamma na kogin Nilu, gabas da Iskandariyya. Turawa ne harshensu ya karkatar da Rashid zuwa kalmar da suka riga suka sani.

Masana kimiyya su ne suka fi kowa wahalar da kalmar. Zanen jikin damisa, wanda ba ɗigo ba ne zalla, baƙaƙen tabo ne da suka yi zobe suka kewaye wuri mai duhun rawaya, da wannan suna suke kiransa. Masu binciken zazzaɓin cizon sauro suna amfani da shi ga yadda jar ƙwayar jini da cutar ta shiga take janyo lafiyayyun ƙwayoyi su manne mata ta kowane gefe, abin da ke taimakawa wajen toshe ƙananan jijiyoyi, kuma an fi ganinsa a yaran da zazzaɓin ya yi wa tsanani. Masana tsirrai kuma suna nufin tsiron da ganyayensa ke fitowa daga wuri guda a gindi su bazu a kewaye, ba tare da kara ya yi tsawo ba, kamar latas da kabeji da kan abarba.

Daga wannan ma'ana ta ƙarshe ciwon gyaɗa ya sami sunansa. Lafiyayyar gyaɗa tana da tazara tsakanin gaɓa da gaɓa. Idan cutar ta kama ta tana ƙarama, tazarar ba ta buɗewa, sai ganyayen su taru a cunkushe a kan ɗan guntun kara, su yi siffar da ta tuna wa mai binciken latas ko fure. An fara bayyana ciwon a rubuce a 1907 a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, lokacin tana hannun Jamus. Ba a samunsa a wajen Afirka, duk da cewa gyaɗar kanta daga Kudancin Amurka ta zo, abin da ya sa masana ke ganin daga wani tsiron daji na nahiyar nan ya tsallako kanta. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haddasa shi, bairos biyu da wani ɗan guntun ƙwayar halitta da ke rakiyar ɗayansu, kuma wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne ke ɗaukarsa daga gindi zuwa gindi. Manyan irin ciwon biyu ne, akwai mai mayar da ganye rawaya, akwai mai barinsa kore shar amma a ƙanƙance, kuma wannan na biyun an fi saninsa a Afirka ta Yamma.

A 1975 an ƙiyasta cewa annobar ta lalata gyaɗa a kusan hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Ta zo ne a kan gaɓar da manomi bai gama farfaɗowa daga farin farkon shekarun 1970 ba, kuɗin man fetur kuma ya riga ya ɗauke hankalin hukuma daga gona, farashin da hukumar sayen amfanin gona ke biya bai taka kara ya karya ba. Ba ita kaɗai ta rushe dalar gyaɗa ta Kano ba, amma bayanta manoma da yawa sun juya ga gero da dawa da wake, wasu ba su sake komawa ba. Maganin ya fito ne daga gonakin Afirka ta Yamma: a shekarun 1950 an gano wasu irin gyaɗa na gargajiya a yankin iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa waɗanda ciwon ba ya kayar da su, sai dai suna daɗewa kafin su nuna, abin da bai dace da gajeriyar daminar Sahel ba. Aikin shekaru ne a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar ICRISAT, kafin a sami irin da ya haɗa juriya da saurin nuna, cikin jerin da ake kira SAMNUT. Malaman gona har yanzu suna nanata shawara biyu ga wanda bai sami sabon irin ba: ya yi shuka da ruwan farko, kuma ya matse tazara, domin ƙwarin sun fi sauka a gonar da suke hango ƙasa tsakanin gindi da gindi.